Allura da Ƙararrawa

Ina shekara biyar babana Torvald ya ɗora ni a cinya,
daga Vadsø zuwa Berlevåg,
ba bel, ba hular kwano,
hannunsa na hagu shi ne ɗamarata,
na dama yana tuƙin jirgi.
Lofe a baki, buhunan wasiƙa a bayanmu suna ƙarnin kifi.
Ya ce, dubi allurar nan, Ingunn.
Can bakin teku akwai wani ƙarfe a tsaye
da ba ya barci, sunansa kawai yake kira ta rediyo.
Ita kuwa allura kunne gare ta,
duk inda ya yi kira, can take juya kai.

Shi kuma uwarsa ƙararrawar tunkiya
take ɗaura masa a wuyan riga in zai fita.
Muddin tana jin ƙarar daga taga, saƙarta take yi.
In ta ji shiru, sai ta ajiye zare.

Yau ni ce a kujerar hagu.
Ɗana Sindre, maɗauri biyar gare shi a mota,
kujerarsa tana kallon baya,
agogon hannunsa ɗigo ne shuɗi a wayata,
ina gani ya shiga makaranta, ina gani ya fito.
Baba ya yi dariya: kin naɗe yaro kamar kwandon ƙwai,
mu da aka sake, ga mu nan da furfura.
Na ce, Eilif fa?
Ƙanensa ke nan, wanda ƙararrawarsa ta yi shiru a bakin gaɓa.
Bai amsa ba. Ya daɗe yana goge tabarau.
Na yi da-na-sani, amma ban janye ba.

Sai wani dare a Janairu,
rana ta yi sati shida ba ta leƙo mu ba,
mutum talatin da ɗaya a bayana,
dusar ƙanƙara tana dukan gilashi,
allon ya ce taurarin ɗan Adam sun ɓace masa.
Layin da nake bi ya goge.
Bakina ya bushe.
Na murɗa tsohuwar lamba, na kasa kunne.
Allura ta yi rawa, ta yi shakka,
ta tsaya.
Na bi ta kamar mai bin hannun babba a kasuwa
har fitilun titi suka ɓullo, biyu, huɗu, jere.

Na iso gida washegari.
Agogon Sindre na kan tebur, batir ya mutu.
Takalmansa ba sa bakin ƙofa, na Baba ma haka.
Na tsaya da rigar aiki, wayar banza a hannu,
ban san gabas ba.

Daga gangaren bayan gida, cikin duhun azahar,
wata tsohuwar ƙararrawar tunkiya
tana tahowa, tana tsayawa, tana tahowa.

Na ɗora ruwan shayi.
Taga kuwa na bar ta a buɗe, sanyi ko ba sanyi.