Jar Hanya

Ba ta da tsawo. Jaki da kaya
yakan cinye ta tsakanin hantsi da azahar.
Tana rabuwa da kwalta a gindin kuka mai kogo,
in ka baro Damagaram da duwatsunta,
ta nufi kudu, jawur kamar an tsaga ƙasa.

Kakana Tankari ya ce kofaton awaki ne ya fara shata ta.
Sai Nasara ya zo da igiya da fegi:
kowane gida namiji guda, da kwandonsa.
Wata uku yana dakon marmara.
Sanƙon da aka binne shi da shi, nan ya samo shi.

Gyaɗa ta yi zamaninta,
manyan motoci na nishi a kwari,
yara na tsintar abin da buhu ya zubar.
Shekarar da gyaɗa ta ƙi, motocin ma suka ƙi.

Akwai wata kwana da baƙo ba ya ganin dalilinta.
Mai awo ya so a miƙe,
Tabawa ta zauna bisa kabarin ɗanta,
ba ta ce uffan ba.
Hanya ce ta kauce.
Har gobe masu kabu-kabu na rage wuta a wurin,
suna zagin wanda ya zana.

Damina ta ci gada, rani a gyara.

Ta nan na fita da akwati guda.
Kilomita goma sha ɗaya, in ji allon da tsatsa ta lasa.
Komowa ce ta ci mini shekara ashirin.