Darasin Gwaji a Gadarif

Shekara huɗu ina shaƙar warin sinadarai,
na fito da digiri a cikin jakar leda.
Aka ce: sannu da ƙoƙari,
amma sanin rijiya daban, iya jan guga daban.
Na koma benci wata tara
ina koyon tsayuwa,
da yadda ake raba allo gida uku,
da jefa tambaya kafin a kira suna
don kowace zuciya ta buga.

Talata ce, damina na naɗe tabarma.
Baƙar lakar Gadarif ta ƙwace mini takalmi sau biyu,
mai raksha ya ce daga nan sai ƙafa.
Na shiga aji da taɓo a gefen farar lafaya.
'Yan mata hamsin da shida,
benci ɗaya mutum huɗu.
Can baya, jikin tagar da ba ta rufuwa,
Ustaz Dafa'allah mai duba malamai
ya buɗe koren littafi, ya zare murfin biro da haƙori.

Shirin darasina, da na kwafa sau uku da jan layi,
ya ce: a tsoma takardar gwaji,
a ga ja, a ga shuɗi.
Mai gadin ɗakin gwaji ya tafi yankan riɗi
da makulli a aljihunsa.

Alli ya jiƙe a tafin hannuna.
Na ji fanka, na ji agogo, na ji biro.

Sai na aiki Intisar bakin ƙofa
wurin Hajja Batul mai shayi:
zoɓo kofi uku, kar a sa sukari,
da rabin lemon tsami in akwai.
A ƙasan jakata akwai ƙullin kanwa
da Inna ta cusa mini saboda ƙwannafi.

Kofi na farko na bar shi yadda Allah ya yi shi.
Na biyu na matsa lemo, ya ƙara ja kamar an tsokane shi.
Na uku na marmasa kanwa.
Jan ya yi jim, ya yi duhu,
ya juye kore-kore kamar ruwan kududdufi.
Benci ya yi ƙara, kawuna suka taso.

Wata 'yar siririya a layi na huɗu, Tasabih,
wadda sati uku ban ji muryarta ba,
ta ce da Hausa, ƙasa-ƙasa:
ashe abin da ake yi wa miyar yakuwa ke nan.
Na ce: shi ne, 'yar gidanmu!
kafin in tuna da wane harshe ake ba ni maki.
Na maimaita da Larabci,
na sa ta ta maimaita,
ƙararrawa ta same mu ban rubuta taƙaitawa ba.

A ofis ya karanto mini laifuffukana:
babu kwanan wata a kan allo,
na ba aji baya sau biyar,
na ci wa malamar lissafi minti bakwai,
kuma abin da na yi ba shi ne a takarda ba.
Ya rufe littafin. Ya ɗan yi shiru.
Ya ce: kanwar nan, fara ce ko ungurnu?

Shaidar koyarwa ta zo bayan an gama sussukar dawa,
da hatimi a karkace,
an ci ɗigo ɗaya a sunan kakana.
An tura ni wani ƙauye wajen Doka,
awa uku a bayan lori in hanya ta bushe.
Inna na ɗaure mini kaya tana mita
wai an ƙarar mata da zoɓo.