Akwatin Ƙanƙara

Bara da Sabi'u ya shigo Sandamu
da akwatin ƙanƙara a bayan babur,
sai na kora shanuna fadama.
Na ce wa Mantau: lafiyayyen sa,
me ya haɗa shi da allura?

Kaka ba ta ƙare ba Goje ya fara tari.
Ƙafafu a ware, wuya a miƙe,
numfashi kamar zugazugin maƙera.
Na jiƙa saiwa, na ba shi kanwa,
kwana uku ina bakin turke.
Ran Laraba mahauci ya duba huhun,
ya taya abin da ba ya sayen tunkiya.

Sa ɗaya ba ya huɗa.
Damina ta same ni da fartanya
da ƙugun da ya haura sittin.

Yau tun ba a fara jan guga ba
ina gindin tsamiyar mai unguwa,
igiya biyu a hannu, ɗaya ta aro ce.
Mantau ya gan ni, ya kau da kai.

Sabi'u bai gane ni ba, ko kara ya yi mini.
Ya ɗaga allura wajen haske,
ya ce, Baba, kama masa ƙaho.
Ɗan zillo. Shi ke nan.

Ashe rigakafin abin da ya kayar da Goje
bai cika cokali ba.
Na tambayi watan da za su dawo,
na sa jikana ya rubuta da gawayi
a bangon da garmar ke jingine.