Gatarina Ya Yi Tsatsa

Shekara goma sha bakwai ina saran itace
daga Tudun Marke har bakin Gwadabawa.
Jakina ya san hanyar kasuwa ko babu ni,
ni kuwa na san kukan kirya in ƙarfe ya shige ta.
Na sayar da inuwar garinmu ɗauri-ɗauri,
na ci tuwo da kuɗinta, ban ƙware ba.

Sai ƙasa ta fara binmu bashinta.
Gonar Nomau ta koma fako, kamar bayan tasa.
Ruwa ya sauka da dare, kafin asuba ya gudu,
ya bar mana kwazazzabo mai haɗiye akuya.
Rijiyar masallaci ta ƙara gaba huɗu,
guga na dawowa da laka da haushi.
Samari suka bi mota,
gari ya rage tsofaffi da tabarmi.

Inno Kulu ce, mai ƙosai,
ta tsaya ƙofar maigari da ƙirare uku a hannu.
Ta ce: "Tun hantsi na fita, ga abin da na samo.
In diga ta yi muku nauyi, ku miƙo mana."
Ba wanda ya yi tari.

Muka zauna gindin kukar da ta fi ƙarfina.
Jaɓɓi ya ce, "Shanuna fa?"
Nomau ya ce, "Gonata fa?"
Gardama ta ci azahar, ta ci la'asar,
kafin mu shata burtali da aguwa,
mu ce taki na Jaɓɓi, kara da harawa namu,
a yi musaya, kowa ya kwana lafiya.
Mata suka ce adashin wannan wata na iri ne,
suka gina murhun laka mai cin itace kaɗan.

Sannan aka juyo kaina.
"Arzika, kai ka san makwancin kowane kututture,
tunda kai ka kwantar da su.
Kai za ka yi gadi."
Na so ƙasa ta tsage.

Ashe ba su mutu ba.
Ƙarƙashin kunyata saiwa na nan da rai.
Sabara, kalgo, aduwa, magarya,
kowace ta turo 'ya'ya kamar tsintsiya.
Na bar biyu, na rage saura,
da 'yar wuƙar da ba ta kai tafin hannu ba.

Muka haƙa rabin wata a fako,
ɗari uku da sittin, bakinsu na kallon tudu,
don ruwa ya sami inda zai zauna ya huta.
Daminar farko awaki suka cinye rabi,
ganuwar kwari ta karye, Tumba ta yi kuka.
Wani ya sare gawo cikin dare,
sawun ya kai ni ɗakin ɗan ƙanena.
Ni na faɗi sunansa gaban jama'a.
Ya shayar da dashe ashirin har rani ya fita,
bai gaishe ni ba sai da gero ya yi kai.

Yau damina ta shida.
Rijiya ta mayar mana da gaba ɗaya, saura uku.
Amya huɗu na rataye, zuma ta karɓi haya.
Labbo ya dawo, ya sayar da babur,
albasarsa ta kai Illela ran Lahadi.
Sauran ba su dawo ba tukuna.

Kirya ce ba ta sauri.
Tawa ta kai min gwiwa, ganye kamar gashin jariri.
Na ƙirga shekaruna, na ƙirga nata,
na san ba ni zan sha inuwar ba.

Jiya jikata ta tsinci gatarin bayan rumbu,
ta ce, "Kaka, wannan na mene ne?"
Na duba ƙotar, gara ta fara ci.
Na ce ta ɗauko buta,
mu je mu ga kirya kafin rana ta faɗi.