Sha Ɗayan Bana

Wasa uku kacal munka buga bana:
guda mun ci, guda canjaras,
na ukun kuwa kar a tuna mini,
daren nan tuwon Inno a kwano ya kwana.

Ni baduku ne, rumfata na Ƙofar Marke,
duk takalmin da Kunamu ke shiga fili da shi
sai ya biyo ta hannuna kafin Juma'a.
Koci na da takarda da biro,
ni ina da basilla da zare.
Shi fuska yake duba, ni ƙafa nake karantawa.

Mu fara daga raga.
Jabbi, dogo awa giginya,
ta sama ba mai ba shi kunya,
amma a turo ta ƙasa-ƙasa
sai ka ga raƙumi na neman durƙusawa.
Na ce ya rage fura da rana, ya yi dariya.

A baya akwai Arzika da Mode.
Arzika ya haura talatin, gwiwa na ƙara,
amma ya san inda ƙwallo za ta sauka
tun tana ƙafar mai bugawa.
Mode kuwa, Allah shirya,
kati biyu cikin wasa uku.
Takalminsa na dama sau huɗu ina ɗinkewa,
ba ƙwallo ke cin shi ba, ƙaurin mutane ne.

Tsakiya ce ta hana ni barci.
Bara muna da Haliru,
mai raba ƙwallo awa goron suna,
kowa ya samu, ba mai ƙorafi.
Bana ya bi motar albasa ya yi Kurmi,
ya ce tafin 'yan kallo ba ya biyan haya.
Ban ga laifinsa ba. Amma giɓin na nan.
Sun sa Basharu a wurin, yaron kirki,
sai dai in ya karɓa yakan tsaya shawara
har abokan karawa su iso su ba shi tasu.

Gefen hagu, wani yaro daga Wamakko,
Almu, ko gashin baki bai tsiro ba.
Takalmin da ya kawo mini na aro ne,
ya fi ƙafarsa, ya cusa tsumma a ciki.
Ranar Asabar na ga ya yanke mutum uku,
tsumman na leƙowa, shi bai ma sani ba.
Na miƙe ina ihu, ashe basilla na hannuna,
na kusa da ni ya ce, malam, idona!

Lamba tara dai Ladan ne, har yanzu Ladan.
Ya ci guda, ya ɓarar da bakwai,
gudan nan ma da ƙeya ta shiga.
To, raga ba ta tambayar ta ina aka biyo.

'Yan teburin mai shayi sun gama lissafi:
wai in mun tsira ba mu zo na ƙarshe ba, a yi sadaka.
Maidamma mai faci ya ce na goma,
na ce na huɗu, ya ce kawo hujja.
Hujjata ba ta hawa takarda.
Shekara goma sha tara ina wannan hasashe,
sau biyu na dace,
kuma ba mai tunawa sai ni.

Jiya da la'asar na yanko jar fata,
ta akuyar nan tamu, mai laushi,
na auna ƙafar Almu da igiya yana cin gyaɗa.
Ya ce ba shi da kuɗi.
Na ce wa ya yi maka maganar kuɗi?
Ka dai riƙa ɗaga kai kafin ka bugo,
Ladan na can tsakiya yana jira, shi da ƙeyarsa.

Jibi za mu Boɗinga.
An ce filinsu rairayi ne, alƙalin kuma surukinsu.
Na riga na biya kuɗin mota.
Inno ta ce, a rage tuwon daren ko a bari?
Na ce a bari tukuna.