Kabad ɗin Malama Rukmini

Ranar da na ajiye alli
na buɗe kabad ɗin ajinmu.
Warin danshi da ƙanshin kanumfari suka tarye ni,
shekara talatin da takwas
sun kwanta kan juna kamar buhunan shinkafa.

Can ƙasa, ƙamus ɗin mahaifina, Sarwoto.
A makarantar 'yan Holan ya fara jin Turanci,
a bakin wani dogon malami mai jajayen kunnuwa,
ɗan darasi bayan yaren masu mulki,
kamar ƙanzo a gindin tukunya.
Da sojan Japan suka sauka
aka ce harshen Bature ya haramta.
Ya naɗe ƙamus cikin ganyen ayaba,
ya cusa a tulu, ya binne bayan garken ɓauna.
Shekara uku kalmomi na kwana da tana.
Da ya tono, ruwa ya cinye shafukan farko.
Har ya rasu, in kalma ta ƙwace masa
sai ya ce, tana cikin waɗanda ƙasa ta ci.

Muka ɗaga tuta, ja da fari.
Aka ce yaren wanda ya taka mu ya bi jirginsa,
a koya wa yara na kasuwar duniya.
To ina malaman?
Mahaifina da shafi ɗaya ya riga ɗalibansa:
ya haddace da dare a gindin aci-balbal,
ya sayar da safe da zafinsa.

Ni kuma kaset na gada.
Wata mata a ciki kullum tana neman hanyar tashar jirgi,
yara arba'in da takwas suna maimaita tambayarta,
ruwan sama na dukan kwanon rufi
har ya haɗiye amsar.
Ba mu taɓa sanin ko ta isa ba.

Daga Jakarta takarda kan zo:
bana a haddace nahawu.
Baɗi: a bar nahawu, a yi hira.
Baɗin baɗaɗa: wa ya ce ku bar nahawu?
Mu dai allon ɗaya ne, tsumman goge shi ma ɗaya.

Harshenmu ba ya sauya wa aiki riga.
Jiya ci, yau ci, gobe ma ci.
Tukiman na benci na baya ya ɗaga hannu:
Malama, don me kalmarsu take tsufa in ta kwana?
Na rasa ta cewa.
Jan biro na ba shi, ya faɗi jarrabawa.

Shekara ashirin ina koyarwa
kafin wani baƙo ya tare ni a kasuwar Yogya
da taswira a hannu, da magana kamar an ɓare wake a faranti.
Ko ɗaya ban tsinta ba.
Sai mai keken haya ya sauko, gumi har gwiwa,
ya amsa masa, ya ja shi da raha, ya yanka kuɗi,
sannan ya juyo ya sumbaci hannuna.
Tukiman ne.
Jikoki na kalmar da ta kwana
suna ta tsalle a bakinsa ba ko riga,
kuma baƙon ya gane.

Yanzu jikata Gendis a waya take tsintar nata.
Tana gyara mini lafazi, tana rufe baki da hannu.
Jiya ta ce, Kaka, kin gama koyon Turancin kuwa?

A nan Jawa ba ma saurin cewa a'a.
Muna da kalma mai taushi, belum,
wato tukuna.
Ita na ba ta.
Sannan na miƙa mata ƙamus,
na ce ta lalubo mana farkonsa.