Ɗigo Na Arba'in da Uku

A Kanazawa ruwan sama ba ya neman izini,
tun la'asar yake dukan tagar hawa na huɗu.
Ni kaɗai na rage a ɗakin bincike,
ni da shayin da ya huce,
da mutum-mutumin da muke kira Goro,
yana tsaye a lungu, hannu guda a miƙe
kamar mai jiran canji.

Tsofaffi sittin muka gayyato.
Kowa mu ɗaura masa gilashi a fuska,
sai daɓen ɗakin ya ɓace,
gadar katako ta fito, kogi na gudu a ƙarƙashinta,
kogin da bai taɓa jiƙa kowa ba.
Goro ya riƙe gwiwar hannu, mu kuma mu ƙirga:
taku nawa, daƙiƙa nawa.
Ƙa'idarmu ɗaya ce: mai jinkiri shi ne mai tsoro.

Hamsin da tara sun haye.
Ɗigoginsu sun taru a allo kamar tururuwa kan sukari,
tsaka-tsakinsu daƙiƙa goma sha huɗu.
Ɗaya ya yi can gefe, saniyar ware,
minti huɗu da ɗoriya.

Farfesa Kuribayashi ta ce, "Tomoe, cire shi.
Wake ɗaya ke ɓata gari.
Ko na'ura ce ta yi gardama, ko tsohon bai ji umarni ba.
Mujalla na jiranmu ran Litinin."
Da gaskiyarta.
Da shi a ciki, layin ya karkace,
lissafi ya noƙe kafaɗa.
In babu shi, lissafi ya ce madalla.

Amma ni na riƙe agogo ran nan.

Arakida sunansa, tamanin da ɗaya,
yatsa huɗu da rabi a hannun hagu,
garin katako maƙale a aljihun riga.
Ya kai tsakiyar gada ya ja ya tsaya.
Ya durƙusa. Goro ya sunkuya tare da shi,
gaɓoɓinsa na ƙara a hankali.
Tsohon ya shafa iska da babban yatsa,
ya bi wani layi da ni ba na gani.

"Wa ya haɗa wannan?" in ji shi.
"An buga ƙusa inda ya kamata katako ya ciji katako.
Damina biyu, za ta zubar da mutane."
Na ce, "Baba, hoto ne kawai."
Ya ce, "Na sani.
Shi ya sa nake gaya miki tun tana hoto."

Haka ya bi ta, falanki bayan falanki,
yana tsaki, yana girgiza kai.

Yanzu na buɗo abin da Goro ya adana,
shafin da ba wanda ya waiwaya.
Bugun zuciyar sauran ya yi sama kamar tsuntsun da aka jefa,
sun yi sauri don su rabu da gadar,
sun damƙi hannun ƙarfe har ma'auni ya koka.
Shi kuwa, sittin da takwas ya shiga,
sittin da takwas ya fita.
Bai jingina ba ko sau ɗaya.

Ashe mudun ne ba daidai ba,
mu muna ta zargin hatsi.

Yatsana na kan maɓallin gogewa.
Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata,
bas ta ƙarshe ta wuce ba ni.
Na ɗage yatsan.
Na rubuta wa Farfesa layi biyu, na san ba za su yi mata daɗi ba,
Litinin za ta zo ta wuce.

Sai na rubuta wa Nobuto mai zanen gadar:
gobe ka zo da wuri,
ka cire ƙusoshin nan.